Gaisuwar Baba da Motar Tasha

A shekarun da korona ta kulle mu a gida ina karatu a ƙasar waje, ina zaune a wata unguwa da ake kira Danau Kota, a wani dogon bene da ke can ƙarshen layi, a saman tudu, inda titi ya ƙare. Yawancin mazauna benen ɗalibai ne 'yan Najeriya irina. Gida ɗaya muke da wata 'yar Filato mai karatun tsara birane, mace mai tsari wadda ko tattasai za ta sa a firij sai ta jera shi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, kuma duk benen an san da haka.

Ƙofarmu tana kallon ta wani dattijo ɗan ƙasar. Pakcik muke ce masa, yadda suke kiran sa'an mahaifi a can. Shi ba haya yake yi ba, gidansa ne, a ciki ya zauna da matarsa har Allah ya karɓi abarsa. Ta bar masa tukwanen furanni a bakin ƙofa, kullum da safe sai ya fito da ƙaramar buta ya ba su ruwa yana yi musu 'yan maganganu. Ƙodarsa ta daina aiki, don haka a kai a kai yake zuwa wankin ƙoda a wani wuri kusa da Kampung Baru. Ciwon suga ya taɓa masa ido, ya ajiye tuƙi.

Kafin annoba abin bai dame shi ba. Akwai wata ƙaramar bas da ke hawowa har ƙofar benenmu ta kai mutane tashar jirgin ƙasa ta LRT, daga nan jirgi ya sauke shi kusa da wurin wankin. Da aka sa dokar kulle sai bas ɗin ta daina hawowa. Tafiyar ƙasa zuwa tasha tana da nisa ko ga mai lafiya. Zuwa gangara ce, da sauƙi. Dawowa ce matsalar, mutum ya taso daga kan inji jiki ba ƙwari, sannan ya fuskanci tudu cikin rana ko ruwan sama. Na sha hango shi ta taga ya dafa fitilar titi yana mayar da numfashi ta cikin takunkumi.

Yana da ɗa guda a wata jiha mai nisa, wanda kullum yake masa waya ya tattara ya koma wurinsa. Wata safiya yana ba furanni ruwa ya ce da ni, "'Yata, idan motar nan ta dawo, na zauna a ɗakina. Idan ba ta dawo ba, ba ni da bakin da zan ƙi yaron nan."

Shi ya fara tayar da maganar. An ji labarin masu tsara sufuri suna sake fasalin yankin gaba ɗaya, a nan za a yanke wace bas za ta dawo, wace kuma an yi sallama da ita. Pakcik ya bi ƙungiyar unguwa, ya manna sanarwa a lifta, ya tsaya a ƙofar kowa daga nesa yana bayani. Daga ƙarshe aka sa ranar taro ta intanet, aka ce kowane bene ya kawo mutum ɗaya ya yi magana. Taron ya faɗo daidai lokacin da yake kan inji. Ya ce ko ba haka ba ma jami'an sun riga sun ji muryarsa, suna ganin kukan tsoho ɗaya ne.

"Ku ne masu yawa a nan, kuma kuna da Turanci," in ji shi. "Ku yi mana magana. Boleh?"

Muka ce boleh, wato za a iya.

Wanda duk ya san mu zai ce 'yar Filato ce ta dace. Abin da take karanta ke nan, ta san tsarin kamar tafin hannunta. Amma a cikinmu akwai Baba. Baba malamin wata kwaleji ne daga gida, da furfurarsa ya zo yin digiri na uku. Shi ke mana limanci, shi ke sasanta mu idan mun saɓa, shi ke raɗa wa jariranmu suna. Da aka kawo maganar a zaurenmu na waya ko gardama ba a yi ba, wani ya rubuta, "Ai akwai babba," aka wuce wurin. Ita kanta 'yar Filato cewa ta yi, "Baba dey, who am I?" Ta sauka har ƙofarsa ta tsaya daga waje ta yi masa bayani dalla-dalla: nisan tasha, tudun, marasa lafiya, masu juna biyu.

Ya saurare ta tsaf, sannan ya ce, "Kada ki damu, 'yata. Na tsaya gaban kwamishinoni, na tsaya gaban manyan sakatarori. Na san yadda ake shiga wurin hukuma."

Ranar taron, bayan azahar, muka zauna ni da ita gaban kwamfuta ɗaya. Fuskoki suka cika allo, kowa a ɗan ƙaramin akwatinsa. A can gefe na gano Pakcik, kwance a kujerar wanki, takunkumi a fuska, ya riƙe waya da hannun da babu allura. Wata mata ce ke jagorantar zaman. Tun da farko ta ce lokacin kowa ƙanƙane ne, idan ya cika za a rufe masa magana a wuce na gaba. Duk mun ji, amma mun ɗauka irin faɗar da ake yi a kowane taro ce.

Wata 'yar Sin daga benen da ke ƙasan tudu ce ta fara. Ko gaisuwa babu. Ta buɗe baki ta ce babu mota, babu hanyar ƙafa mai rumfa, mahaifiyarta ta faɗi a kwata, yaushe za a gyara. Iyakar maganarta ke nan. Na dubi 'yar Filato baki sake na ce, "Wannan kuwa an yi mata tarbiyya? Hukuma guda ake wa magana haka?" Na bayanta ma haka ya yi, na bayansa ma haka. Har na fara tausaya musu, ina cewa a raina bari namu ya zo su ga yadda ake yi.

Namu ya zo. Baba ya sha babbar riga mai aiki, ya kafa hula, na tabbata har turare ya fesa duk da ba mai jin ƙamshin. Ya yi sallama cikakkiya. Ya gaida shugabar taro, ya gaida manyan jami'ai ɗaya bayan ɗaya bisa girmansu, ya gaida dattawan unguwa, ya jajanta wa waɗanda annoba ta yi wa rashi. Sannan ya shiga godiya. Ya ce mun zo baƙi an karɓe mu hannu biyu. Ya ce tun da muka zo wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba, famfo bai taɓa ƙafewa ba. Ya yabi jirgin ƙasa, tsaftarsa da sanyinsa da zuwansa a kan lokaci. Turancinsa na fita sumul, ni kuwa ina gyaɗa kai, don haka na ga iyayena suna yi duk ranar da suka je neman rijiya ko taransifoma. Sai ka shimfiɗa wa mutum tabarma tukuna kafin ka faɗi abin da ya kawo ka.

"A madadin duk mazauna wannan bene," in ji Baba, "ba mu da abin da za mu ce sai godiya."

Duk Bahaushen da ke sauraro ya san abin da ke biye. Nan ne ake gyara murya a ce "sai dai". Na ga ya naɗe hannun riga, ya gyara zama, leɓɓansa suka motsa. Babu sauti.

Shugabar ta yi murmushi ta ce, "Mun gode ƙwarai. Abin farin ciki ne a ji akwai benen da ya gamsu da yadda abubuwa suke. Sai na gaba."

'Yar Filato ta ɗora hannu biyu a ka tana cewa a hankali, "No, no, no, he has not started." Na danna alamar ɗaga hannu, na sake dannawa, ba wanda ya kula, bene ɗaya mutum ɗaya aka ce. Na nemi akwatin Pakcik a allo. Yana nan, idanunsa kawai ake gani a saman takunkumi, bai motsa ba. Can sai akwatin ya yi baƙi.

Ban jira lifta ba, ta matakala na sauka. Matar Baba ta buɗe mini ƙofa tana sa yatsa a baki wai in yi shiru, Malam na jawabi. Yana kuwa yi. Yana zaune gaban wayarsa, bai san an rufe shi ba, ya shiga tsakiyar magana. Yana ba su labarin wani dattijo maƙwabcinmu da ke hawa tudu bayan an wanke masa jini, yana dafa fitilun titi, don kawai ya kwana a ɗakin da matarsa ta rasu. Wallahi ban taɓa jin roƙo mai ratsa zuciya kamar wannan ba. Ni da matarsa kaɗai muka ji shi.

Na ce, "Baba, sun rufe ka tun ɗazu."

Ya ɗago ya dube ni. "Sun rufe ni kamar yaya? Ai yanzu na fara."

"Sun ce mun gamsu. Sun wuce na gaba."

"Mun gamsu? Wancan ai gaisuwa ce."

"Su sun ɗauka shi ne jawabin, Baba."

Ya dubi wayar, ya dube ni, ya cire hular ya ajiye a gwiwa. Na zo da faɗa cike da bakina, amma da na ga haka sai na haɗiye faɗan. Da ƙyar ya ce, "Wane irin mutane ne za a roƙe su ba a gode musu ba?"

Mun yi ƙoƙarin gyarawa. 'Yar Filato ta rubuta musu bayani, Baba da kansa ya yi ta kiran ofishin, wannan karon ko sallama ba ya ƙarasawa. Aka amsa mana cikin ladabi cewa an rufe jin ra'ayi, kuma an ji na wakilinmu. Ba zan ce maganar Baba kaɗai ta yanke hukunci ba, ban san abin da suka auna ba. Abin da na sani shi ne, da aka sassauta kulle bas ta dawo, tana tsayawa a ƙofar 'yar Sin ɗin nan da na ce ba ta da tarbiyya, ta juya daga nan. Ba ta hawo tudunmu ba.

Baba ya tsara samarinmu su riƙa raka Pakcik, wasu lokutan a kira masa mota ta waya. An yi na ɗan lokaci. Amma ɗalibi ɗalibi ne, yau jarrabawa, gobe an killace shi a ɗaki. Wata ranar ruwa Pakcik ya dawo shi kaɗai, santsi ya kwashe shi a tsakiyar tudun. Bai karye ba, amma a makon ɗansa ya iso da mota.

Da safen da za su tafi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya sa an yi tapau, wato an ƙunso abinci, na shinkafar kwakwa daga Kampung Baru, ƙunshi-ƙunshi, namu da na gidan Baba. Ya ce a kira masa Baba. Baba ya hawo ba hula, ya tsaya a bakin lifta kansa a ƙasa.

Pakcik ya tsaya a tsakanin tukwanen matarsa ya fara yi mana godiya. Ya gode da maƙwabtaka. Ya gode wa samarin da suka raka shi. Ya gode wa 'yar Filato da wahalar da ta sha. Ya juya wurin Baba ya ce ya ji yadda ya yabi ƙasarsu a gaban manya, ba a taɓa yabon ta haka a kunnensa ba, ya gode. Ya ce ba shi da abin da zai ce mana sai godiya.

Na tsaya ina jira. Na ga Baba ma ya ɗago kai yana jira, kamar mai son a faɗa masa ko ya samu sauƙi. Mun san inda "sai dai" take zama, mun bar mata wuri.

Pakcik ya miƙo mini ƙaramar butar ya ce da safe ake ba furannin ruwa, kafin rana ta yi zafi. Sannan ya dafa kafaɗar ɗansa suka shiga lifta.