Allura Biyu a Jiki Ɗaya

Ranar wata Alhamis ce cikin bazara, shekarar da na shiga aji huɗu, motar masu rigakafin sanƙarau ta tsaya ƙarƙashin darbejiyar makarantarmu a Garou. Kafin su gama sauke akwatin ƙanƙara, ƙanwata Ramatu ta ɓace. Shekararta bakwai, ba ta tsoron kare, ba ta tsoron kogin Kwara ko ya cika ya batse, amma tun da wata allura ta taɓa kumbura mata cinya har aka yi mata sakiya, ko warin asibiti ta ji sai ta gudu ta ɓuya. Baba kuwa ya faɗa tun da safe, kafin ya tafi gonar albasa, cewa kowaccenmu ta kawo masa katinta na rigakafi.

Na san maɓoyarta. Can na same ta a magudanar ruwan fadamar shinkafa, inda muke korar tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa, ta tsuguna cikin ruwa har ƙugu tana kuka. Da ta miƙe sai na ga matsattsaku uku manne a ƙwaurinta, sun sha sun yi tim, jini na gangarowa. Ita ko alama ba ta ji ba. Ta dube su, ta share majina, ta ce, "Yaya, in da allurar likita kamar ta wagga dabba take, da ni tahi da kaina."

Inna ta saba ce mana "ɗan'uwa rabin jiki ne", ni kuwa na ɗauki maganar fiye da inda ta aje ta. Na koma makaranta na shiga layi, na ba da damtsen dama da sunana. Na zagaya bayan aji, na juya kallabi, na sake shiga cikin 'yan ƙananan aji, na ba da na hagu da sunan Ramatu. Yara sun yi yawa, rana ta take, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Kwana uku ban iya ɗaga taɓarya ba, ɗaukar tulu ma sai da cije leɓe, amma ina jin kaina wata jaruma. Baba ya karɓi kati biyu ya sa cikin gwangwanin takardunsa, ya sa mana albarka.

Ba a yi wata guda ba Ramatu ta kwanta da zazzaɓi da ciwon kai. Inna ta ce a kai ta asibitin Malanville, Baba ya ce ai an yi mata rigakafi, zafin rana ne, a jiƙa mata tsamiya. Ina tsaye a bakin ƙofa, gaskiya na cikin bakina, tsoron bulala ya hana ta fita. Sai da wuyanta ya sanƙare, bayan kwana biyu, aka ɗora ta a babur. Ta rayu, amma ta dawo gida kunnenta ba ya ji. Muka daina waƙar gaɗa a tsakar gida, don ba ma iya kallonta tana kallon bakinmu. Har Baba ya rasu yana cewa maganin ne bai yi aiki ba, ni kuma ban taɓa gyara masa ba. Wannan kunyar ba ta sake ni ba har yau.

Bara 'yata da ke karatun haɗa magunguna a Parakou ta nuna mini wani hoto a wayarta: ɗan abu kamar filasta, cikinsa ƙananan allurai da ido bai cika gani ba. Ta ce masu bincike suna kwaikwayon bakin sauro da na matsattsaku, don magani ya ratsa fata ba tare da zafi ba. Na karɓi wayar na tafi kasuwa, rumfar da Ramatu ke sayar da albasa. Da hannu muke magana, irin tamu. Na nuna mata hoton, na nuna ƙwaurinta, na kwatanta tsotso da yatsu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi murmushi, ta kamo damtsena na hagu ta shafa daidai wurin da na karɓi allurarta, kamar ni ce mai buƙatar rarrashi.

Allurar da ta roƙa a fadama tana tafe, sai dai ta makara da shekara talatin. Na ɗauke mata zafin minti ɗaya, na bar mata shirun rayuwa.