Ranar da Inna Ta Janye Maganarta

Ko da zan manta komai na zamanmu a Dubai, har da unguwar da muka zauna, ba zan manta ranar da mijina ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ruwa a ƙasar Italiya yana gaida surukarsa ta waya ba, Turawa na ratsa shi hagu da dama. Har yau in na tuna sai in yi dariya, in ban yi hankali ba kuma dariyar ta ƙare da hawaye.

Ni 'yar Yawuri ce, a bakin kogin Kwara aka haife ni. Ina yarinya, ban kai shiga sakandare ba, yayana wanda nake bi ya shiga kwalekwale ranar kasuwa zai tsallaka. An yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa, buhunan hatsi da awaki da mutane a kan juna, ya kife a tsakiyar ruwa. Ranar sadakar uku Inna, mahaifiyarmu, ta tara mu da muka rage, ni da Yaya babbar gidanmu da ƙannenmu, ta ce duk wanda ya sa ƙafa a jirgin ruwa a cikinmu, ba ta yafe masa ba. Ba ta ɗaga murya ba, sau ɗaya kuma ta faɗa. Daga ranar ba a ƙara kiran sunan yayana a gabanta ba, maganar ma ba a ƙara tayar da ita ba. Wanda ya san nauyin "ban yafe ba" a bakin uwa ba ya bukatar in yi masa bayani. Haka na girma, kogi a bayan gidanmu, ni kuwa ko igiyar kwalekwale ban taɓa riƙewa ba.

Sai aure ya kai ni Dubai, a shekarun da ake ta haƙe tituna ana kafa ginshiƙan jirgin ƙasa. Maigidana mutumin Maraɗi ne, ɗan bokon Faransanci, yana aiki a wani ofishin kargo a Al Ras, suna tura wa 'yan kasuwa kaya zuwa Yamai da Kano. Mu kuma muna zaune a Satwa, ruwa ya raba gidanmu da wurin aikinsa. Kullum da safe yakan bi mota zuwa gaɓa ya shiga abra, wato ƙananan jiragen katakon nan da ke tsallakar da mutane, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an isa. Ni ma ina da harka a can ƙetaren, domin nakan raka matan da suka zo sarin kaya kasuwar gwal da ta abaya. Amma ni sai dai in zagaya ta hanyar da ta bi ƙarƙashin ruwa, in zauna cikin cunkoso ina zufa, in isa bayan kowa.

Maigida ya ɗauka tsoro ne kawai, ya kuwa samu abin tsokana. "'Yar Yawuri mai gudun ruwa," in ji shi, "mu da muka tashi cikin rairayi ga mu muna hawa, ke da aka yi wa wankan farko da ruwan Kwara kina bin rami." Nakan yi dariya in bar shi. Ya san na rasa ɗan'uwa a kogi, amma bai san maganar Inna ba. A gidanmu ba a faɗar ta, kuma ban so surukinta ya riƙa kallon ta a matsayin mai tsauri. A lokacin gani nake ina rufa mata asiri ne.

To shi mutum ne mai son abin da yake kira sirpiriz, wato ba-zata, ɗabi'ar da ya ɗauko a makaranta ba ta sake shi ba. Wata rana ya dawo yana ta murmushi, ya ce ya samu hutun 'yan kwanaki, zai kai ni Italiya, mu biyu kawai. Tun da muka yi aure ba mu taɓa tafiyar da ba ta gida ba, ko ta gidan ma rabin kayanmu saƙon mutane ne. Ya daɗe yana shirya abin a ɓoye, shi ya yi ta zirga-zirgar biza, ni dai an kai ni na nuna fuska. Na tambaye shi wane gari, ya ce in na je na gani. Ni kuwa abin da na sani game da Italiya bai wuce takalmi da jaka da sarƙa ba, har mata sun fara ba ni sautu.

Mun sauka da rana, garin da ɗan sanyi-sanyi. Muka shiga bas, can sai na ga mun hau wata doguwar gada, ruwa ta dama, ruwa ta hagu, ba ka ganin ƙarshensa. Na ce a raina gada ce, Inna ba ta hana gada ba. Da bas ɗin ya tsaya a wani fili kowa ya sauka, na duba ban ga titin da ya ci gaba ba. Gidaje ne tsofaffi masu kyau, ƙafafunsu cikin ruwa, inda ya kamata a ga kwalta sai jirage ke kai da komo.

Maigida ya buɗe hannuwa kamar shi ya gina garin. "Voilà, madam. Venis ke nan. Nan ba mota, ba babur. Likita a jirgi yake zuwa, mai kwashe shara ma a jirgi. Na ce in kin ga tsofaffi da jarirai suna shiga, tsoron nan zai bar ki. Masaukinmu ma a wani tsibiri yake, in kin buɗe taga ruwa za ki fara gani."

"Ba a zuwa da ƙafa?" na tambaye shi.

"Da ƙafa kuma? Sai dai in kin iya iyo."

Na nemi akwatinmu na zauna a kai. Ya ci gaba da zolaya har ya ga hawaye, sannan ya tsuguna a gabana. A nan, cikin hayaniyar masu jan akwatuna, na gaya masa abin da na riƙe tun ina yarinya. Ban taɓa ganin fuskarsa ta sauya haka ba. Ina jin ya tuna duk tsokanar da ya yi mini ne, sai ya ce, "Bon. Khalas, shi ke nan. Tashi mu koma filin jirgi. Ba zan zama sanadin da za ki taka maganar Inna ba, ko garin nan da zinari aka gina shi."

Ba fushi a muryarsa, shi ne ma ya fi ci mini rai. Na dubi mutumin nan da ya yi watanni yana ɓoye murnarsa, ya sayi sabuwar rigar sanyi da ta yi masa yawa, yanzu ya ɗauki akwati zai juya. Tausayinsa ya kama ni, wani abu kamar zuciya kuma ya taso mini. Maganar Inna ba zan taka ta ba ko za a yanka ni, wannan ba ja. Amma sai na tuna a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa zuwa gabanta ya tambaye ta. Na ce masa ya ajiye akwatin ya ba ni waya.

Inna ba ta da waya a lokacin, ta Yaya ake kira. Yaya ta ɗauka, na gaya mata a gurguje, ta ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Wannan maganar za ki tono?" Na ce ta dai kai mata. Ina jin ƙarar takalminta a tsakar gida, ina jin kaji, ina jin wata na daka a maƙwabta, ni kuma ga ni a bakin ruwan Turai. Na gaida Inna, na faɗa mata inda muke da yadda garin yake, na ce mijina bai san komai ba, kuma in ta ce a'a yanzun nan za mu juya. Sai ta ce, "Ba ni mijin naki."

Wannan ya fi komai girgiza ni. Tun da aka ɗaura aurenmu, Inna ba ta taɓa yi masa maganar da ta wuce amsa gaisuwa ba, ita ma daga bayan labule. Na miƙa masa wayar na ce Inna ce. Kafin in rufe baki mutumin nan ya zare takalmansa, ya durƙusa a kan dutsen gaɓa da safa, ya sunkuyar da kai, ya riƙe waya da hannu biyu. Wata Baturiya ta tsaya tana kallon sa, ta duba gabansa ko akwai wanda yake wa durƙuson, ba ta ga kowa ba. Ni ma sai na tsuguna kusa da shi na manna kunnena a bayan wayar.

"Ina wuni, Inna. Kun yini lafiya? Ku gafarce ni, wallahi ban sani ba."

"Lafiya lau. Jirgin nan, kana ganin shi?"

"Ga shi a gabana, Inna."

"Na icce ne?"

"Na ƙarfe ne, da inji, da rufi, da kujeru kamar bas."

"An loda buhuna?"

"Babu buhu ko ɗaya."

"Bisashe fa?"

Ya ɗaga kai ya leƙa da gaske, don shi ba zai yi wa surukarsa ƙarya ba. "Akwai wani ɗan kare, Inna, a hannun wata tsohuwa. An sa mishi riga."

Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba. Inna ta yi dariya, gajeriya, kamar ta kuɓuce mata. Ta ce a ba ta ni.

"Ɗiyata," in ji ta, "ashe kina nan riƙe da wagga magana har ƙasar wasu? Ranar da na faɗe ta ba ni cikin hankalina. Na so in janye tun tuni, ban san ta inda zan faro ba, ku kuma ba wanda ya taɓa tambaya ta. Na janye. Na yafe maki duniya da lahira, ke da 'yan'uwanki duka. Ki yi addu'a ki shiga. Amma kada ki kashe wayar, ina so in ji kun sauka."

Haka na shiga jirgin ruwa karo na farko a rayuwata, da ƙafar dama, hannu ɗaya a damtsen mijina, ɗaya riƙe da waya a kunne. Da injin ya tashi ƙasa ta fara ja da baya, na rufe ido. Inna na can tana addu'a ƙasa-ƙasa, Yaya na kuka a bayanta. Sai Inna ta ce, "Mi kike gani?" Dole na buɗe ido. Na shiga ba ta labari: ga gidaje masu launin ƙasa da na ruwan ƙwai, ga wata mata tana shanya ta taga a saman ruwa, ga wani jirgi cike da kayan miya, ga wani dogon baƙin kwalekwale mai tuƙinsa a tsaye da rigar zane-zane. Ban san lokacin da na saki hannun Maigida ba. Da muka taka tsibirin na ce, "Inna, mun sauka." Ta ce alhamdulillahi, ta sake cewa alhamdulillahi, sannan ta kashe.

Sauran kwanakin kuwa, sai da ya yi nadamar warkar da ni. Duk jirgin da ya tsaya sai na ce mu shiga, ko ban san inda za shi ba. Na shiga baƙin kwalekwalen nan ma, na zauna kamar matar gwamna, shi kuma da ya yi shekaru yana cika baki ya ƙanƙame gefe duk lokacin da wani jirgi ya wuce ya girgiza mu. Abincinsu bai dame ni ba, da yajina a jaka, na barbaɗa wa taliyarsu ta shiga hankalinta. Sautun mata ko takalmi ɗaya ban saya ba, na dawo na ba su haƙuri. Washegarin komawarmu Dubai na riga shi isa gaɓa, da ya ƙaraso ya tarar da ni zaune a cikin abra na ajiye masa wuri.

Da na haihu, Inna ta zo Dubai yi mini zaman jego. Bayan mun yi arba'in, wata la'asar ta yafa mayafinta ta ce a kai ta ta ga jirgin da nake ba ta labari. Na zaci kallo za ta yi daga nesa. Da muka isa sai ta miƙa wa surukinta hannu, wanda ko ido ba ta haɗawa da shi, ya riƙe ta ta shiga. Muna tsakiyar ruwa ta dubi jaririn da ke hannuna, wanda muka sa wa sunan yayana amma kowa ke sakayawa a gabanta, ta kira shi da cikakken sunansa. Tun ina yarinya rabon da in ji sunan nan a bakinta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana yanzu. Maganar iyaye a bi ta, ni na bi, ban kuma yi asara ba. Amma in ka ga maganar ta fito ne ranar baƙin ciki, kada ka ɗauke ta ka yi ta tafiya da ita kai shiru, su shiru. Ka koma ka durƙusa ka tambaya. Mu mun zaci mu kaɗai maganar Inna ta ɗaure, ashe ta fi ɗaure ta, tana zaune shekara da shekaru tana jiran ɗayanmu ya zo ya ce, "Inna, har yanzu?"