Mutumin da Ya Ƙi Cewa Zai Tafi

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne ya raba ni da Cyril Tindle a layinmu na garin Redcar a Ingila, kuma bangon ba wani kauri gare shi ba. Ina jin tarinsa, ina jin kukan butar shayinsa, ina jin lokacin da injin ɗumama gidansa ya tashi da lokacin da ya mutu. Saboda haka ba wanda ya zo ya gaya mini cewa a sanyin nan na ƙarshe awa biyu kacal yake kunna shi a rana. Kunnena ne ya jiyo mini.

Shekararsa tamanin da uku a lokacin. Dogo ne siriri, ko shara zai fitar sai ya sa kwat ya goge takalmi. Matarsa Edna ta rasu shekara shida kafin nan, a ɗakin sama na gidan. 'Yarsu ɗaya, Lorna, tana can garin Leicester da mijinta. Shekarar da ta gabata ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana tara a asibiti, shi ne Lorna ta tsaya a tsakiyar falonsa, da ni a wurin, ta kafa masa doka.

"Baba, in na sake zuwa na tarar da gidan nan kamar firji, ba ni ba gardama da kai. Kayanka zan haɗa. Ɗakin baya na nan, na riga na sa gado."

"Na ji," ya ce. Ta ce to bari ta riƙa biya masa rabin kuɗin wutar. Ya ce bai kai lalacewar da 'yarsa za ta saya masa ɗumi ba. Duk wanda ya san Cyril ya san ba abin da yake tsoro a duniya kamar ɗakin bayan nan na Leicester. A gidansa yake so ya ƙarasa, inda Edna ta ƙarasa.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ba talauci ne tsantsa ya sa shi cikin sanyi ba. Fanshonsa ba yawa, amma da zai isa in da ana sayar masa da wuta da gas a farashin da ake sayar mini. Gidajenmu iri ɗaya ne, ɗaki biyu sama, biyu ƙasa. Amma shi yana biyan fiye da ni da fam ɗari uku da wani abu a shekara, don kawai bai taɓa canja kamfani ba.

Cyril tsohon mai duba mitar wuta ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana shiga gidajen garin nan da tocila da fensir a kunne, tun wutar tana hannun Hukumar Lantarki ta gwamnati. Ya san gidan da kare ke cizo, ya san gidan da za a ba shi shayi, ya san matar da ke ɓoye kwalaben giya a bayan mita, kuma bai taɓa faɗa wa kowa sunanta ba. Da gwamnati ta sayar da Hukumar ga 'yan kasuwa, sunan da ke kan takardarsa ya canja sau huɗu, amma a bakinsa tana nan Hukuma. Kowace Kirsimeti sai ya aika musu da kati. Ban san wa ke buɗewa ba, ban ma san ko ana buɗewa ba.

Ni kuwa duk Oktoba nake sauya sheƙa. Ba don daɗi ba. Yini guda nake kashewa da tabarau a hanci, ina kwatanta farashi har kaina ya yi ciwo, kuma na gaji da abin kamar me. Amma kowa a layin ya san yadda ake yi: sabon zuwa shi ake yi wa araha, wanda ya zauna shiru kuwa, da wa'adin araharsa ya ƙare sai a ɗora shi kan farashi mai tsada a manta da shi. In kuma ba ka son wahalar canji, sai ka buga waya ka ce za ka bar su. Nan take za a miƙa ka wani tebur daban, inda ake ajiye farashin kirki don masu barazana. Jimla ɗaya ce. Ko mai sayar da kifi da dankali na kan kwana ya iya ta.

Ran wata Talata a farkon Nuwamba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, fuskarsa a sake, da takarda a hannu mai hoton koren ganye.

"Beryl, zo ki ga abin arziki. Hukuma ta mai da ni tsarin wuta mai tsabta. Daga iska take zuwa yanzu." Ya nuna wajen teku, inda fankokin nan dogaye masu samar da wuta suke juyawa. "Ga su can. Tawa ce suke niƙawa."

Na karɓa na karanta. An ƙara masa kuɗi, ba a rage ba.

"Cyril, ni ma irinta nake sha, ta iskar. Kamfaninka ma yana sayar wa sababbin zuwa ita da araha. Iska ɗaya ce fa ke kaɗa mu. Taka turare aka sa mata?"

"Ke dai bakinki. Abu mai kyau ai da tsada yake."

"Tsadar kai kaɗai ta sani? Tsohon nan, yankan rago ake maka, kana ta godiya."

Ya ninke takardar a hankali ya sa aljihu. Ya ce shi yana son jikokinsa su tarar da duniya ba hayaƙi, ya shaƙi na masana'antar ƙarfen garin nan isasshe. Ban ce ƙarya yake ba. Na ce a bar shi da iskarsa, amma a sayar masa da ita yadda ake sayar wa kowa.

Sati biyu na yi ina masa naci kafin ya yarda mu buga waya. Da zan iya yi a madadinsa da tuni na yi, amma sai sun ji muryar mai sunan. Na rubuta masa jimlar da manyan baƙaƙe a bayan ambulan, na aje masa a gaba. Muka zauna a kicin ɗinsa, kowa da kwat a jiki, na buɗe muryar wayar. Minti arba'in muna sauraren kiɗa, sannan wata yarinya ta ɗauka, ta ce sunanta Keeley.

Sai da ya gaishe ta tsaf, ya tambayi yadda garinsu yake, ya gaya mata shekarun da ya yi wa Hukuma aiki. Sannan ya tambaya cikin ladabi ko akwai sauƙin da za a yi masa. Ta ce a teburinta ba ta da abin da ya fi wanda yake kai.

Na buga yatsa a kan ambulan. Ya kalle ta, ya kau da kai.

Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta gane. Ta rage murya ta ce, "Mista Tindle, bari in tambaye ka. Kana tunanin barinmu ne? Don in kana tunanin haka, akwai inda zan miƙa ka."

"A'a, 'yata. Ina zan je?"

"Baba, saurara da kyau. In ka ce e, sai in miƙa ka. E kawai."

"Na ji ki sarai. Amma ba tafiya zan yi ba, ya zan ce miki zan tafi?"

Na ji ta ja numfashi. Ta ce to, ba yadda za ta yi, ana naɗar maganar. Ya yi mata godiya, ya ce ta gaida mutanen gida, ya aje waya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kai wane irin mutum ne? Yarinya ta buɗe maka ƙofa har da riƙe maka labule! Kalma ɗaya, Cyril!"

"Ƙarya ce, Beryl."

"Ƙaryar me? Sun san ba gaskiya ba ce, kai ka sani, ni na sani. Haka ake ciniki yanzu. To in ƙaryar ce ba ka so, ka tafi da gaske mana, in cike maka takardar wani kamfanin yau ɗin nan."

"Hukuma ce ta ciyar da mu. Da albashinta na sayi gidan nan."

"Hukumar ta mutu tun Lorna na goyon fari! Waɗannan ko sunanka ba su iya faɗa daidai ba."

Ya zuba mini shayi kamar ban yi magana ba. Ya ce shekara saba'in yana zuwa majami'ar kan tudu, bai taɓa yi wa mutum barazana da abin da ba zai aikata ba, ba kuma zai fara a kan kuɗin gas ba. Ya ce in mutum ya daɗe tare da kai, kai ya kamata ka duba shi, ba sai ya yi maka kurari ba. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji kunyar kaina, don bai fi sati uku ba da na faɗi wannan jimlar ga masu inshorar motata ba tare da ko ƙifta ido ba.

Daga nan sanyi ya shigo da gaske. Na kai masa bargo, na kai masa miya, na ce ya riƙa yini a falona, ya ce ba ya son takura mini. Ya koma zaman ɗakin karatu na gari daga goma zuwa huɗu, yana karanta jarida ɗaya sau uku saboda ɗumin hitarsu. In Lorna za ta zo, tun da safe yake kunna injin, ina ji ta bango. Ni ma na rufa masa asiri, in ta kira ni sai in ce lafiya lau yake. Na gaji da shi, na gaji da kamfanin, na gaji da jin shirun bangon nan.

A tsakiyar Janairu Lorna ta zo ba sanarwa. Daga baya ta gaya mini tarin da ta ji a waya ne bai yi mata ba. Ta same shi a kujera da hula da safar hannu, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Ta ɗora hannu a kan hitar bango, ƙarfen ya yi sanyi ƙalau. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta hau sama ta sauko da akwati.

Ran da za su tafi, ya ce sai ya rufe hulɗarsa da Hukuma da bakinsa. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa majami'a, ya durƙusa da ƙyar a ƙarƙashin bene ya duba mita da tsohuwar tocilarsa, sannan ya zauna a kan akwati ya buga musu waya, ya buɗe muryar muna ji. Ya ce zai bar su. Ko minti biyu ba a yi ba aka miƙa shi wancan teburin. Wani saurayi mai zaƙin murya ya ɗauka.

"Haba, Mista Tindle, tsohon abokin cinikinmu kamarka? Ba ma so mu rasa ka. Akwai farashi na musamman da zan iya ba ka yanzun nan, kuma wutar iska ce ɗari bisa ɗari."

Ya faɗi kuɗin. Ya ma fi nawa araha.

Lorna ta juya ta fuskanci taga.

Cyril ya ce, "Ɗana, wannan farashin, a watan Nuwamba yana nan?"

"Yana nan, yallaɓai."

"Bara fa, lokacin da nake asibiti?"

Saurayin ya ce bai da tabbas, amma irinsa ba ya yankewa. Ya tambaya ko ya sa masa.

"A'a. Na ce maka zan tafi, kuma tafiyar zan yi. Ɗauki lambar mita." Ya karanto ta ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita, yadda aka koya masa yana ɗan shekara ashirin. Da ya aje wayar sai ya dube ni ya ce, "To, Beryl, ga shi na faɗa."

Yana Leicester yanzu. Lorna ta ce ɗakin da ɗumi, amma tagarsa garejin maƙwabta take kallo, kuma ya daina goge takalmi. Gidan, wasu matasa mata da miji ne suka saya. Da yake sababbin zuwa ne, kamfanin ya ba su farashin araha har da kyautar maraba. Tun shida na safe injin ke tashi, ba ya mutuwa sai an kwanta. Ina jinsa ta bango, yini zubur.