Malamar Tuƙin Da Ta Zaɓa Wa Baba Mota

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran malamar tuƙin unguwarmu, bayan jinyar kwana shida a asibiti. Shi Ya ba mu ita, kuma wurinSa ta koma. Ta rasu tana da shekara sittin da ɗaya, ta bar 'ya'ya uku da jikoki biyar, da ɗimbin matan da a hannunta suka fara riƙe sitiyari. Ɗalibanta Anti Birki suke ce mata, domin ba ta yarda mace ta taɓa totur sai ta yi kwana biyu tana koyon tsayawa. A gidanmu kuwa Malama muke kiranta.

Malama, shekara ashirin da biyu kika yi kina koyarwa, kuma a duk tsawon lokacin motoci biyu kacal kika yi amfani da su, dukansu ƙanana. Kin sha cewa motar da ta jure ƙafar 'yan koyo ta gama cin jarrabawa. Shi ya sa duk mai shirin sayen ƙaramar mota yake biyowa ta ƙofar gidanki. Sai dai ba kya yanke wa kowa hukunci daga zaune. Amsarki kullum ita ce, tawa kawai na sani, sauran sai mu je mu tambayi masu su.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya shaida mana cewa ƙodar Baba ta gaza, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe bakwai na safe. Injinan asibitin ba su da yawa. Wanda ya makara da rabin awa, wani ake ɗorawa, shi kuma ya jira gurbi. Mun ga abin da makara ɗaya ta yi masa lokacin da muke dogara da tasi: ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya zama aiki, barci ma sai a zaune. Muka yanke shawarar sayen ƙaramar mota ta hannu, ƙanwata Auta ta riƙa kai shi, tunda bai fi wata biyu ba da ta sami lasisi a wajenki.

Ni kuwa na duƙufa karatu. Na tara mujallu da rahotannin masu gwajin motoci, na zo miki da takardu cikin fayil, zuciyata ta riga ta kwanta da wata jar mota da masu gwajin suka ba taurari biyar. Kika saka tabarau kika karance su tas, ba ki tsallake shafi ko ɗaya ba. Sannan kika ɗago kai.

"Ɗan jarida, waɗanda suka rubuta wannan, kwana nawa suka yi da motar?"

"Mako guda," in ji ni.

"To ai amarci suka ci."

Washegari kika ɗauke ni zuwa bakin wata makarantar firamare dab da tashi, inda iyaye ke jera motoci suna jiran yara. A hanya kika bayyana mini tsarinki. Ba kya tambayar mai son sayarwa, ba kya tambayar wanda motarsa ba ta kai shekara biyu a hannunsa ba. Bakanike kuma kina girmama shi, amma kin ce marasa lafiya kaɗai ake kai masa, bai san masu lafiyar ba. Kika ƙara da cewa mutum yana kare motarsa kamar yadda yake kare ɗansa, saboda haka idan akwai wani a kujerar gefe, shi za a fi saurara.

Ba mu daɗe ba na ga zahiri. Muka tsaya wajen wani magidanci mai irin jar motar da nake so. Bayan gaisuwa kika tambaye shi ko ta taɓa kunyata shi. Ya shafa sitiyari ya ce ko sau ɗaya. Matarsa da ke gefe ba ta ko ɗago daga wayarta ba, ta ce, "Ban da ranar da ka sa ni turi da goyo a baya, a gaban gidan yayarka." Ya ce ai wannan laifin cunkoso ne, ba na mota ba. Kika yi dariya tare da su, kika yi godiya, muka wuce.

A cikin mutum biyar masu irinta, uku sun ce injinta yana zafi idan aka daɗe a cunkoso. Hanyar asibiti kuwa sai ta bi ta shatale-talen kasuwa da wata siririyar gada, inda motoci ke rarrafe tun da sassafe. Duk da haka na yi gardama, na ce mutum biyar sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Ba ki ji haushi ba. Kika ce gaskiya ne, mu ƙara. Muka yi kwana huɗu muna zagaya bakin makarantu da gidajen mai, har muka ji daga bakin mutum goma sha tara. Goma sha ɗaya suka faɗi abu guda. Na rufe fayil ɗina.

Abin da kika yi bayan nan ba mu roƙe ki ba. Kika soke darasin safiyar Laraba, kika tafi wurin ajiye motoci na asibitin ke kaɗai, kika tsaya kina kallon yadda ake fito da waɗanda aka gama yi wa wankin. Kika dawo mana da abubuwan da babu su a takarduna. Mara lafiya yana fitowa ne a galabaice, jiri na ɗibarsa, kuma hannun da ake sa masa allura ba a dogara da shi. Idan kujerar mota ta yi ƙasa, zama faɗuwa ne, tashi kuma sai mutum biyu. Idan ƙofa ba ta buɗewa sosai, mai taimako ba shi da wurin tsayawa. Keken mara lafiya ma ba kowane but na bayan mota yake shiga ba, ko an naɗe shi.

A can kika haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya shekara shida yana kawo matarsa a wata mota mai ruwan toka da ba ta ɗaukar ido. Ya ce miki ba ta da gudu, ba ta da kyau, rediyonta ya mutu tun bara, amma ba su taɓa rasa layi ba. Kika lallaɓa shi ya biyo ki da ita har ƙofar gidanmu, kika sa Baba ya shiga ya fita har sau uku.

"Malama, wai motar ake gwadawa ko ni?" in ji Baba.

"Kai ne fasinjan, Baba. Waɗannan 'ya'yan naka biyu 'yan rakiya ne."

Irinta muka saya. Zan faɗi gaskiyarta kamar yadda kika koya mana. Na'urar sanyayawarta ba ta da ƙarfi, gilashin baya na hagu yana maƙalewa, kuma a hanya mai gargada ƙararta sai ka ce ana jan gwangwani. Amma shekara huɗu tana tashi da murɗa makulli ɗaya, ban da wata safiya a shekara ta biyu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da ta ƙi ko da tari. Auta ta kira ki a waya. Cikin minti goma sai ga ki da motar koyo da jan tambarinta, kin mayar da ɗalibar da kike koya wa kujerar baya. Baba ya zauna a gaba, inda birki na biyu na mai koyarwa yake, kuma har yau yana alfahari cewa bai taka shi ba. Bakwai saura biyar kuka isa. Daga baya aka gano kan batir ne ya yi tsatsa. Kika ce wa Auta duk wanda ya tambaye ta labarin motar nan, ta fara da labarin wannan safiyar kafin ta yabe ta. Haka take yi, domin yanzu ita sababbin zuwa suke tarewa a harabar asibiti.

Baba ya cika saba'in da huɗu a bana. Yana takawa da ƙafarsa zuwa masallacin layinmu, ya kuma ga jikar da a da yake cewa ba zai gani ba. Ranar Laraba, washegarin rasuwarki, yana saukowa daga kan injin ya ce ba gida za a kai shi ba, gidanki za a kai shi.

A wurin zaman makokin ne muka ji abin da ba mu sani ba. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikin ɗalibanki ta ce ranar da ta fara fita da mota ita kaɗai, ta hango motarki a madubi, nesa kaɗan, har ta isa wurin aiki. Wata tela ta ce ita ma haka. Babbar 'yarki ta tabbatar cewa haka kike yi wa kowace ɗaliba, ba tare da kin gaya mata ba. Sannan ta dubi Auta ta ce ita kam mako biyu cur kika yi kina binta zuwa asibiti, domin kin ce wannan ba kanta kaɗai ta ɗauko ba. Auta ba ta taɓa lura ba, hankalinta duk yana kan titi da kan Baba. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya fara addu'a, duk ɗakin yana amsawa.

Da addu'ar tasa nake rufewa. Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya isar da ke gidan rahama lafiya kamar yadda kika tsaya wa bayinSa suka isa inda za su. Ga 'ya'yanki da jikokinki da 'yan'uwanki da dukan ɗalibanki, ina miƙa ta'aziyyar gidanmu baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayanta, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.