Hannun Hagu a Cikin Safa

Lokacin sanyi ne, irin wanda tun la'asar duhu yake rufe Landan. A shekarar kuɗin mai ya shigo Najeriya, duk wanda ya zo daga gida sai labarin wane ya sayi mota, wane ya tafi Makka. Mu kuwa a Lewisham ana ta ɗauke wuta unguwa-unguwa, kyandir ma sai an sha nema. Ina 'yar shekara bakwai, Baba yana karatun da gwamnati ta turo shi.

Ni bahaguwa ce. Ranar da na miƙa wa baƙon Baba shayi da hagu, ranar ya yanke hukunci. Ya ba Umma safarsa guda ɗaya, ruwan toka, ya ce daga na dawo makaranta a sa min a hannun, a ɗaure da zare, kada a cire sai alwala da barci. In sanyi ya wuce ban gyaru ba, za a mayar da ni Zariya wurin Goggo, yayarsa. Umma ba ta musa ba. Kullum takan ɗaure zaren a hankali, tana kau da kai. Ni kuma in'ina ta kama ni, har na daina magana sai dole.

A ƙasan benenmu mai gidan take, Kaka Adiza, tsohuwa 'yar zangon Sekondi ta ƙasar Gana. In an ɗauke wuta Baba yana wurin karatu, Umma takan sauko da ni da ƙanena Nasiru, mu kewaye hitarta mai kananzir. A kusurwar ɗakin akwai fiyanon mijinta marigayi, an lulluɓe shi da zane.

Hausar Kaka ba ta san mace ba. Ni "kai" ce, Umma ma "shi" ce. Ko tatsuniya za ta fara, sai ta ce, "Ga shi nan, ga shi nanku." Mu amsa, "Ya zo mu ji shi," muna ƙunshe dariya. Ta ba mu labarin Gizo, ta ba mu na aljanun teku. Amma wata yamma ta daɗe tana kallon safar hannuna, sannan ta ce yau na gaske za ta bayar.

Wai akwai yaro a zango, sunansa Sule, ɗan wani bafataken goro. Bahago ne. Uban ya ɗaure masa hannun da igiya a baya, ya yi duka, ya kai shi wurin malami. Da ya tasa sai ya samu aikin shara a wani kulob na bakin ruwa. Can ya ga wani baƙar fata Ba'amurke, ma'aikacin jirgin ruwa, yana kaɗa fiyano irin kiɗan da suke kira "sitiraid", wato dogon taku.

Kaka ta ajiye kofinta ta nuna mana a cinya. Hagu ta doka can gefe, inda murya mai kauri take, ta yi tsalle zuwa tsakiya, ta koma, ta dawo. Dum, cak, dum, cak.

"Hannun dama surutu ne aikinshi," ta ce. "Hagu ne ya ɗauki kaya. Shi ne ganga, shi ne ƙafa, kuma ido ba ya rakiyarshi."

Makaɗa da yawa hagunsu ke gajiya kafin waƙa ta ƙare. Ba'amurken ya ga Sule yana kwaikwayonsa a kan tebur, ya zaunar da shi. Kafin jirginsu ya tashi ya koya masa abin da ya samu, sauran Sule ya ƙarasa da kunne. Bayan yaƙin Hitila ya hau jirgi ya zo Landan. Ya yi kiɗa a kulob-kulob na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Soho, inda ake cewa in yana nan ba a bukatar mai ganga. Daga baya yayi ya juya, samari suka koma jita, sai ya koma kaɗa wa yara masu koyon rawa da tsofaffin unguwa. Bai taɓa ƙorafi ba. Har tsufa, in yana jiran bas, hagunsa na tafiya a kan gwiwarsa.

Nasiru ya tambaya da Turancinsa ko shi ne mai fiyanon can. Kaka ta ce, "To, wa kake zato, Gizo?"

Umma, wadda ba ta cika sa baki ba, ta ce, "Kaka, da hagun yake cin abinci?"

"Wa? Sule? Shekara talatin ina dafa mishi, tuwo da dama, gaisuwa da dama. Wannan ladabi ne, ya koya. Wancan kuma Allah ne ya ba shi."

"Mahaifinsa ya taɓa jin kiɗan?"

Kaka ta girgiza kai. "Bai koma ba. Har tsoho ya mutu ba su ga juna ba. Sun ɗaure hannu, sun manta yana da ƙafa." Ta rage lagwanin hita, ta dubi Umma ta ce, "Yaron nan, in ya tafi, ba shi ne zai dawo maka ba."

Da yake a bakinta kowa yaro ne, ban san ko Sule take nufi ko ni ba. Umma ta sani. Na ji hannunta a bayana, ya daɗe bai motsa ba.

Ban zama makaɗiya ba. Bayan mun koma gida Baba ya rasu, boko ya tsaya, sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin manya na koyi rubuta Hausa. Malamar ta ga fensir a haguna, ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata a hankali an riga an gama wannan shari'ar tun a Landan. Yanzu na gane Kaka ba don mu yara ta ba da labarin ba. Ta san Umma ba za ta iya fuskantar Baba da gardama ba, sai ta raba mata abin gida biyu, na ladabi daban, na halitta daban, yadda za ta iya ɗauka ta hau bene da shi.

Washegarin daren da Kaka ta ba da labarin, da safe Baba yana shirin fita. Umma ta zuba shayi ta ce in kai masa. Na kai da dama. Sai ta ɗauko safar nan, wadda tun dare ta wanke ta bushe a kan hita, ta haɗa da 'yar'uwarta ta ajiye a kan takalminsa.

"Malam, ga safarka. Sanyin ya yi yawa, ƙafarka ta fi bukata. Abinci da gaisuwa na ɗauki nauyinsu. Fensir kuwa a bar mata."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi kofin da ke hannunsa. Sannan ya sunkuya ya sa safar.

Umma ta ja min hula ta rufe kunnuwana, ta kama hannuna na hagu, muka tafi makaranta.