Kyamarar da Ta Ƙi Ganin Mai Ɗakina

Edita, haƙƙi biyu ne suka rataya a kan wannan magana, kuma babu wanda aka sauke. Na farko yana wuyan hukumar da ta shirya jarrabawar ba da tallafin ƙaro karatu ga ma'aikatan lafiya, wadda ta rubuta a takardar gayyatarta cewa duk wanda na'ura ta ba shi matsala, ya kuma sanar cikin kwana uku, za a sake sa masa rana. Na biyu yana wuyana, domin ni na ce wa mai ɗakina ta ji da karatunta, ta bar mini batun kwamfuta.

A lokacin ni ne mai kula da bayanan ɗalibai a wata makarantar sakandare a Talata Mafara. Shekara da shekaru ban taɓa ɓatar da fayil ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata. Ko a gida ina da littafin da nake rubuta duk abin da aka gyara, daga famfo har keken ɗinki, da ranar da aka gyara shi. Ita kuwa mai ɗakina ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Damaga ta ƙasar Maradun. Tana tafiya Litinin ta dawo Alhamis, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Burinta ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe kafin ta haura iyakar shekarun da aka gindaya. Ta ɗauki hutu ta zauna kan littattafai wata guda cur.

Sharaɗin jarrabawar shi ne a yi ta a kwamfuta mai kyamara, mai sa ido yana kallon fuskar mai rubutu daga farko har ƙarshe. Ba a yarda da wayar hannu ba. An sa ranar Laraba da ƙarfe goma na safe. Ranar Litinin da hantsi na buɗe laftof ɗina, na ɓare 'yar sitikar da ke manne a kan idon kyamarar, na shiga manhajar jarrabawar don gwaji. Sai ta rubuto cewa ba ta ga kyamara ba. Na kashe na kunna har sau uku. Na danna maɓallin da ke da hoton kyamara a jerin sama. Na shiga wurin da ake ba manhajoji izini, na tarar komai a buɗe. Na duba jerin kayan da ke jikin kwamfutar, na ga lasifika, na ga batir, na ga allon rubutu, amma babu sunan kyamara ko kaɗan, kamar ba a taɓa ƙera ta da ita ba. Na sayi data na sauko da abin da masu gyara ke kira direba, na zuba, shiru. Kowane mataki na rubuta shi a takarda da lokacinsa, ina jin cewa aiki nake yi.

Da azahar mai ɗakina ta kawo shawara cikin ladabi. Ta ce wata abokiyar aikinta a Bakura tana da laftof, ta kuma riga ta ce ta zo ta ɗauka. In na amince sai ta hau mota ta dawo kafin la'asar. Na ce mata bai dace a ji matata tana yawon aron kwamfuta ba alhali a makaranta ni ake kira in ta wani ta rikice. Ta yi murmushi ta ce ai ko likita yakan kwanta ciwo. Ban yi dariya ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Washegari Talata, ranar kasuwa, na kai kwamfutar wurin gyara. Dattijon da na saba da shi ya yi tafiya, sai abokin sana'arsa da ke rumfar gaba, mutane sun yi masa caa da wayoyi. Bayan doguwar gaisuwa na miƙa masa takardar matakan da na bi. Ya kalle ta sama-sama ya ce Malam ya zo da fayil ke nan, to magani ɗaya ne, a wanke ta a sake zuba mata komai. Na tambaye shi ko ba zai buɗe ta ya duba ciki ba. Ya ce buɗe gefen allo ranar kasuwa neman fasa gilashi ne. Na yarda. Da la'asar sakaliya aka gama, kyamara ba ta dawo ba, manhajar jarrabawar ma ta tafi, sai da na sake sauko da ita.

Laraba da sassafe na haɗiye girman kaina na hau babur zuwa Bakura. Na tarar matar ta wuce Dakko aikin rigakafi tun jiya da yamma, da laftof ɗin a jakarta, domin ta ɗauka mun samu mafita tunda ba mu zo ba. Wayarta ba ta shiga. Na iso gida goma saura kwata. Na sami mai ɗakina ta yi wanka, ta sa farin hijabinta na aiki, ta zauna gaban kwamfutar da katin shaidarta a hannu. Muryar mai sa ido ta fito, namiji ne mai sanyin magana. Ya ce yana jin ta amma ba ya ganin ta, ya ba ta minti goma sha biyar. Ta ce masa ga ta nan zaune, ta faɗi sunanta da lambarta sau biyu, tana ɗaga katin gaban idon da ba ya gani. Da lokaci ya cika ya ba ta haƙuri, allon ya rufe.

A ranar na rubuta wa hukumar, na haɗa da hoton saƙon da kwamfutar ta nuna. Na sake rubutawa bayan mako biyu, na kuma rubuta ta uku. Kofen kowace takarda yana hannuna. Ba a amsa ko ɗaya ba, ko da layi guda na cewa ta iso.

Bayan mako guda dattijon nan ya dawo, na kai masa kwamfutar ina zagin kamfanin da ya ƙera ta. Ya sa farce ya ɓalle gefen allon cikin minti biyu. Ga siririn kebul ɗin kyamarar a cire, an naɗe bakinsa da baƙin salatif, an kwantar da shi gefe da kyau. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ai wanga aikina na. Kai da bakinka kac ce in makantad da ita."

Sai abin ya dawo mini. Shekara uku da suka wuce aka yi ta zance a majalisarmu cewa idon kwamfuta yana kallon matan mutane a cikin gida ko da an kashe ta. Da na kawo masa gyaran allon rubutu sai na ce ya rufe mata ido saboda iyali. Na ga sitikar da ya manna a waje na ɗauka iyakar aikin ke nan. Shi kuwa ya yi mini aiki mai inganci har ciki. Na koma gida na buɗe littafina, ga shi da rubutun hannuna: an canja allon rubutu, an rufe kyamara. Kwana biyu ina cika takarda da sababbin matakai, ban waiwayi tsohon shafi ba.

Na gaya wa mai ɗakina a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, da ka bar ni na tai Bakura ran Litinin." Daga nan ba ta ƙara ba, har yau. Littattafan ta kwashe ta ba wata ƙanwarta, ta koma Damaga, tana tafiya Litinin ta dawo Alhamis. Tana gaishe ni kamar kullum, ta kawo abinci kamar kullum, amma ta daina ba ni labarin asibiti.

Abin da na koya ya zo a makare. Duk wanda kwamfutarsa ta ce ba ta ga kyamara ba, kuma sunanta bai fito a jerin kayanta ba, ya sa a buɗe a duba kafin a wanke, ya kuma tambayi kansa abin da ya taɓa sawa a yi mata. Wanda iyalinsa suka kawo masa shawara mai sauƙi a kan abin da ya shafi rayuwarsu, ya karɓa, ko da za a yi masa dariya a majalisa.

Ba na sa ran amsa, amma ina roƙo a hukumance, ta wannan shafi, cewa shugabannin hukumar su binciki inda takarduna uku suka maƙale, su saurari rikodin safiyar nan inda za su ji ta tana faɗin lambarta, su kuma cika abin da suka rubuta da hannunsu ta hanyar sa mata wata rana bisa shekarunta na lokacin da ta nema. Idan ana neman wanda za a ɗora wa laifin na'urar, ni ne, kuma zan sa hannu a kan haka.