Jirgin Ya Modu da Muka Kulle a Sito

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Ya Modu, kuma har yau in na tuna shi haushi ne yake riga hawaye zuwa. Ba da shi nake ba, Allah Ya jiƙansa. Da mu nake, mu da ya bari.

Gyaran fanka yake yi a Gamboru, amma wannan neman tuwo ne kawai. Zuciyarsa tana wajen ƙananan jiragen da yake sassaƙawa da farin soson kwalin firji, ya sa musu inji da batir, yana sarrafa su da rimot daga ƙasa. Wanda ya nace wa ba shi da wutsiya, fiffike ne guda mai kusurwa uku kamar samosa.

Matsalarsa ɗaya ce, ita ta ci masa shekaru. Da zarar jirgin ya ɗauki gudu sai hancinsa ya hau kaɗawa, hagu, dama, hagu, dama. Ya Modu ya ce tunda babu wutsiya, babu abin da ke riƙe hancin ya kalli gaba. Iska ta ture shi gefe, ya dawo, ya zarce inda ya kamata ya tsaya, ya sake komawa. Ni kuwa tsokanarsa nake yi. "Ya Modu, jirgin naka ma a'a yake ce maka." Sai ya ce, "Falmata, ki bar ni da shi, gardamarsa ba ta kai tawa ba."

Ya matsar da batir gaba, ya kafa ɗan allo a tsaye a bayansa, ya ƙara masa girma, ya rage. Duk gyaran da ya yi sai ya kai shi filayen Zabarmari bayan an yanke shinkafa, domin kaɗawar ba ta fitowa sai a fili, cikin gudu. Sai hanya ta lalace da rashin tsaro, jami'an tsaro kuma suka hana tayar da komai sama. A wannan zaman ya ƙera na ƙarshe, mai allo biyu a tsaye a bakin fiffiken. Ya ce mini wannan karon ya kama shi. Ciwon ƙoda ya riga shi.

Bayan sadakar arba'in, Oga Chidi, abokinsa mai shagon batir, ya zo wajen ƙanin mahaifinmu, Baba Goni, wanda aka danƙa wa riƙon Yagana, 'yar da Ya Modu ya bari. Ya ce, "Baba, in gari ya lafa, ka bari mu tashe shi sau ɗaya. Modu yana so ya sani." Baba Goni ya ce, "Dukiyar marainiya ce. In ya faɗo ya karye, wa zai amsa a gaban Allah?" Ya naɗe jirgin a leda, ya ɗora shi can sama a siton gidanmu na Umarari, dab da rufin kwano, ya sa kwaɗo.

Baba Goni ba mugu ba ne, tsoron amana ne da shi, shi ya sa na rasa inda zan sauke fushina. Gari ya ɗan lafa, Oga Chidi ya ce zai nemo izinin jami'an tsaro, na roƙi Baba Goni har na gaji. Amsar ba ta sake ba: sai yarinya ta mallaki hankalinta.

Yanzu ba a biki a Maiduguri sai ɗan jirgin ɗaukar hoto ya tsaya cak a kan amarya. An ce akwai na'ura a ciki da ke gyara masa zama kafin ido ya ga ya karkata. Na san abin da Ya Modu zai ce. Zai taɓe baki ya ce ba a warkar da ciwon ba, ɓoye shi aka yi. Shi so yake jikin jirgin da kansa ya iya tafiya miƙe.

A watan jiya aka miƙa wa Yagana gadonta, aka buɗe siton. Kowa ya san zafin garin nan, amma babu wanda ya tuna soso ne muka ajiye a ƙarƙashin kwano. Fiffiken ya lanƙwashe, gam ya saki, allunan biyu sun zube a cikin leda. Oga Chidi ya juya shi a hannu ya daɗe. Ya ce ko an manna su an tashe shi, in ya kaɗa ba za a san laifin Modu ne ko na rana ba, kuma babu wanda ya san yadda ya karkata allunan sai shi Modun.

Abin da ya rage mana daga Ya Modu ke nan: taurin kansa, wanda nake gani a fuskar 'yarsa, da tambayar da muka hana shi jin amsarta ko bayan ransa. Yagana ta riƙe allunan ta dube ni ta ce, "Gwaggo, to Babana ya gyara shi ko bai gyara ba?" Baba Goni yana tsaye da mabuɗi a hannu.